Jirgin Distroya: Ɗan Rakiyar Ayarin Teku

Duk wanda ya tashi a Fagge ya ji labarin ayarin raƙuma da ke yada zango a nan. Fatake ba sa keta Sahara ɗai-ɗai, saboda tsoron mahara. Wannan dabara ce ta ceci Ingila a teku.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu da fatunmu suka kama hanyar Ikko, daga can sai Ingila ta ruwa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka tare wannan hanya. A watan Afrilu na 1917 kaɗai, sun nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan 800,000. A watan Nuwamba na shekarar, jirgin fasinja mai suna Apapa, wanda ya taso daga Ikko, ya nutse dab da isarsa Ingila, mutum 77 suka rasu.

Maganin da aka samo shi ne tafiyar ayari: a haɗa jiragen kaya wuri guda, jiragen yaƙi su raka su. Gwanin wannan rakiya shi ne distroya, siririn jirgi mai tsananin gudu da Ingila ta fara ƙerawa a 1893. Makaminsa bom ne mai kama da ganga, wanda matsin ruwa ke tayar da shi idan ya kai zurfin da aka saita. Nan da nan asara ta ragu.

To amma yaya za a gano abokin gaba a cikin duhun teku? Kafin Yaƙin Duniya na Biyu an sanya wa distroya na'ura mai aika ƙara ta saurari amsa-kuwwa. A ruwan teku sauti yana cin mita 1,500 a daƙiƙa guda. Idan amsa ta dawo bayan daƙiƙa biyu, abin da ta buga yana nisan mita 1,500 ke nan, domin ƙarar ta je ta dawo.

Masanin halittu Donald Griffin ya tabbatar a wajen 1940 cewa haka ƙananan jemagu ke tafiya cikin dare. Ɗalibi, idan ka gan su suna farautar ƙwari da magariba a Rijiyar Lemo, ka tuna sun riga injiniyoyi sanin wannan ilmi.