Kada Filash Ɗaya Ta Tafi Da Firojek Ɗinka

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, ba a rasa ɗan ND II ko HND II da ke zagaye makaranta ido ya yi ja, wai filash ɗinsa ta ƙi buɗewa, ga difens saura kwana huɗu. Babi biyar, wahalar wata shida, duk suna cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. Mafi yawan irin wannan asara ana iya kauce mata ba tare da an kashe ko sisi ba.

Mu fara da inda matsalar ta fi fitowa, wato shagunan buga takardu. Kwamfuta ɗaya ake soka wa filash ɗin mutum talatin ko fiye a rana, duk wanda ya zo da cuta ya bar ta a nan, na baya ya kwasa. Bairos ɗin da ya fi addabar ɗalibai shi ne wanda ke ɓoye folda ya bar gumaka masu ƙaramar kibiya a gefe. Ka buɗe filash, ka ga kamar komai ya tafi. A mafi yawan lokuta bai tafi ba, ɓoye shi aka yi. Don haka kada ka danna gumakan, domin dannawar ce ke sa cutar ta shiga kwamfutarka. Kuma don Allah kada ka yarda wani ya ce a yi fomatin, nan ne ake asarar gaske.

Ga abin yi a Windows. Soka filash ɗin, ka duba harafin da kwamfuta ta ba ta, a ce E ne. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya fito rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Wannan umarni yana cire alamar ɓoyewa daga duk fayil da folda da ke ciki. Idan sun bayyana, bi su da Windows Security, wanda dama yana cikin Windows 10 da 11, sannan ka kwashe su zuwa wani wuri. Bayan haka ne za ka iya goge filash ɗin gaba ɗaya.

Amma duk wannan magani ne bayan ciwo ya kama. Masu harkar kwamfuta suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku na aikinka, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki yana nesa da kai. Ga ɗalibi, ma'anarta laftof, filash, da kuma intanet. Na ukun shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali shi kaɗai ne ke tsira ranar da aka ɗauke jaka a hostel, tunda laftof da filash galibi jaka ɗaya suke kwana.

Duk mai Gmail yana da 15GB kyauta a Google Drive, OneDrive kuma yana ba da 5GB. Masu cewa data ta yi tsada su lura, firojek mai shafi 60 idan ba a cika shi da hotuna ba, da wuya ya wuce 'yan megabait, bai kai bidiyo ɗaya na TikTok ba. Idan ma Drive ya yi maka wahala, tura wa kanka fayil ɗin ta imel duk daren da ka yi gyara. Gmail yana ɗaukar har 25MB. Abin da ka goge a Drive bisa kuskure yana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ya ɓace.

Ni a ganina wanda ya fi dacewa shi ne Google Docs, saboda abin da ake kira Version history a ƙarƙashin File. Malamin da ke duba aikinka ya ce ka cire wani sashe, bayan sati biyu ya ce ka mayar, ai mun san ana yi. Sai ka koma kwafin ranar ka ɗauko abinka. Mai amfani da Word kuwa, ya shiga File, Options, Save, ya rage lokacin ajiyar gaggawa daga minti 10 zuwa 2, saboda wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Ya kuma daina sa wa fayil suna "final" da "final final". Rubuta kwanan wata a jikin sunan, ka huta da ruɗani.

Ranar bugawa, mayar da aikin PDF tun daga ɗaki. Word ɗin shago ba lallai ya zo daidai da naka ba, shi ya sa tebur ke tsallakewa wani shafi, lambobin shafuka su hargitse, ka biya kuɗin bugu sau biyu. PDF yadda ka ajiye shi haka zai fito. Tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, filash ɗinka ta zauna a aljihu. Idan dole sai ka buɗe Gmail a kwamfutarsu, danna Ctrl, Shift da N a Chrome ka shiga ta ɓoyayyiyar taga, ka kuma rufe ta da hannunka kafin ka tashi daga kujera.