Ɗaukaka Ƙara: A Saurari Talaka Kafin A Rufe Fayil

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2001 wata kotun Shari'a a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jefewa. Ranar 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Sakkwato ta soke hukuncin, bayan ta gano cewa abin da ake zarginta da shi ya faru tun dokar ba ta fara aiki ba. Sauraron da aka yi mata ne ya ceci ranta.

Sai dai ba kowace ƙara ke samun wannan gata ba. A 2007, a shari'ar Ralph Uwazuruike, Kotun Ƙoli ta amince da korar ƙara saboda lauya ne ya sa hannu a takardar ɗaukakawa, maimakon masu ƙarar da kansu. In mai manyan lauyoyi ya yi tuntuɓe a nan, ina ga manomin Kebbe ko Tambuwal da ke kurkuku, wanda doka ta ɗibar wa kwana 90 ya ƙalubalanci hukuncin Babbar Kotu?

Ya kamata alƙalanmu su riƙa ba da damar gyara takarda, sannan su duba gundarin ƙara. Takarda tana gyaruwa, amma shekarun da mutum ya yi a ɗaure ba sa dawowa.