Susan La Flesche, Likitar Ƙabilar Omaha

Tun tana yarinya Susan La Flesche ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Wata mata 'yar ƙabilarsu ta Omaha tana kwance rai a hannun Allah, aka aika a kira likitan gwamnati, wani Bature, har sau huɗu a dare ɗaya. Kullum sai ya ce ga shi nan tafe. Gari ya waye bai zo ba, matar kuwa ta riga ta cika.

An haifi Susan a 1865 a jihar Nebraska ta Amurka, a yankin da aka keɓe wa ƙabilarta, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar da ake kira Indiyawan daji. Mahaifinta, Joseph La Flesche, sarki ne mai son 'ya'yansa su yi boko. Ta yi karatu a makarantar Hampton da ke Virginia, daga nan ta wuce kwalejin likitanci ta mata a Philadelphia, wata ƙungiyar mata ta jihar Connecticut tana biya mata kuɗi. A 1889 ta kammala, ita ce ta ɗaya a ajinsu, kuma ita ce mace ta farko daga ƙabilun nan da ta zama cikakkiyar likita.

Da ta so, da ta yi zamanta a birni. Sai ta koma gida.

An ɗauke ta ne don ta duba ɗaliban makarantar kwana ta gwamnati, a kan albashin dala 500 a shekara, amma kafin a ce haka mutum fiye da 1,200 sun rataya a wuyanta. Gidajensu a warwatse suke cikin daji, babu hanyar kirki. Kan doki take zuwa, daga baya a keken doki, ko da dusar ƙanƙara na zuba. Ta karɓi haihuwa a nan, ta duba mai tarin fuka a can, ta dawo cikin dare ta tarar da wasu suna jira, wani ma ba ciwo ya kawo shi ba, takardar fili ce yake so a karanta masa da yarensu.

Aikinta da ya fi tasiri shi ne rigakafi. Ta yi ta fama da mutane su sa raga a ƙofa da taga saboda ƙudaje, su daina shan ruwa da moɗa ɗaya, domin ta nan tarin fuka ke yaɗuwa. Ta kuma ɗaura yaƙi da masu sayar da giya, waɗanda ke bugar da mutum su sa ya rattaba hannu ya sallama gonarsa. Abin ya shafe ta kai tsaye: mijinta Henry Picotte, wanda ta aura a 1894, mashayi ne, ya rasu a 1905 ya bar ta da 'ya'ya maza biyu.

Burinta na asibiti ya cika a 1913 a garin Walthill, da kuɗin gudummawa, ba da na gwamnati ba. Sai dai lokacin jiki ya riga ya ƙi. Ta daɗe tana fama da ciwon kunne da na kai, har ji ya ragu. Ta rasu a watan Satumba na 1915 tana da shekara 50, aka sa wa asibitin sunanta. A 1993 gwamnatin Amurka ta sa ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa.