Rabi Da Rabi: Amincin Fada Bosko Da Ɗalibinsa Mika'ilu Rua

Babu ikilisiyar da ba ta kukan matasa. Yaro zai taso cikin Makarantar Lahadi, ya shiga ajin baftisma, ya yi shekaru cikin ƙungiyar mawaƙa, amma da zarar ya gama sakandare ya tafi birni, shi ke nan sai labarinsa. Mukan ɗora laifi a kan zamani, alhali kuwa in mun bincika za mu tarar babu wani babba guda a ikilisiya wanda ya san yaron nan da gaske, ya san gidansu, ya kuma taɓa danƙa masa wani aiki. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarin wani mai hidimar matasa da ɗalibinsa, waɗanda amincinsu ya wuce shekara 40, sai mutuwa ce ta raba su.

Fada Yohanna Bosko, wanda aka fi sani da Don Bosko, firist ne na ikilisiyar Katolika a ƙasar Italiya. An haife shi a 1815, aka naɗa shi a 1841. A lokacin, birnin Turin cike yake da yaran da suka baro ƙauyuka neman aikin leburanci, wasunsu har sukan ƙare a kurkuku. Sai ya shiga tara su ran Lahadi domin wasa da addu'a da koyarwa. A 1846 ya sami mazauni a unguwar Baldoko, inda daga baya ya buɗe musu ajin karatu da wuraren koyon ɗinki da aikin takalma.

A cikin yaran nan akwai Mika'ilu Rua, wanda aka haifa a 1837. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya rasu, a shekarar ce kuma ya fara haɗuwa da Fada Bosko. Tarihin ƙungiyarsu ya ce wata rana yaron ya miƙa hannu yana neman ɗan tsaraba kamar sauran yara, sai Fada ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya yi kamar yana yanka shi biyu da na dama, ya ce masa ya karɓa. Yaron bai gane ba. Sai a 1852, sa'ad da Rua ya kai shekara 15 ya koma zama a Baldoko, malamin ya bayyana masa cewa nufinsa shi ne za su raba kome rabi da rabi, da aiki, da wahala, da farin ciki.

To, alkawarin nan bai tsaya a baki ba. Da annobar kwalara ta faɗa wa Turin a 1854, Rua na cikin samarin da suka fita jiyyar marasa lafiya. A 1858 shi ne ya raka malaminsa Roma wurin Paparoma. A 1859 aka kafa ƙungiyar Salesiyan da shi a ciki, a 1860 kuma aka naɗa shi firist. Yana da shekara 26 kacal Fada Bosko ya aike shi garin Mirabello ya shugabanci makarantarsu ta farko a wajen Turin, ya kuma rubuta masa gargaɗi cewa ya nemi yara su ƙaunace shi maimakon su ji tsoronsa. Bayan shekara biyu ya dawo ya zama na hannun damansa.

Abin lura shi ne halinsu ba ɗaya ba ne. Fada Bosko mutum ne mai raha da wasa da yara, shi kuwa Rua mai shiru ne, mai bin ƙa'ida, har 'yan'uwansa suka yi masa laƙabi da doka mai rai. Malamin bai nemi ya mai da ɗalibin kamar kansa ba, ya dai nemo masa aikin da ya dace da baiwarsa. Da Fada Bosko ya rasu ran 31 ga Janairu, 1888, Rua ya gaje shi. Ya karɓi ƙungiyar tana da mutum 773, ya bar ta a 1910 tana da kimanin 4,000.

'Yan'uwa, ko mu 'yan wace ɗarika ce, akwai abin koyi a nan, gama hanyar ba sabuwa ba ce. Haka Manzo Bulus ya sami Timoti a Listira, ya ɗauke shi cikin tafiye-tafiyensa, daga baya ya bar shi ya lura da ikilisiyar Afisa.

Da farko, wa'azi kaɗai ba ya riƙe saurayi. Wanda aka ba shi makullin ɗakin kayan kiɗa, ko aka sa shi ya koyar da ajin ƙanana, ko ya raka dattijo gai da marar lafiya, ya san ana bukatarsa. Da yawanmu shugabannin matasa muna riƙe kome a hannunmu, mu ne masu addu'a, mu ne masu ajiyar kuɗi, mu ne masu jawabi, sa'an nan mu yi mamaki da ba mu da magaji.

Na biyu, amincin nan a fili aka yi shi. Mahaifiyar Fada Bosko, wato Mama Margarita, ta zauna a Baldoko tana kula da yaran har rasuwarta a 1856, bayanta kuma mahaifiyar Rua ce ta zo ta ɗauki aikin. Iyaye na ciki, sauran yara na gani. Wannan magana ce mai nauyi, domin an sha jin inda aka ci amanar yara da sunan hidima. Duk shugaban da yake son keɓewa da yaro ko yarinya, ko yake ce musu kada su gaya wa iyayensu, wajibi ne fasto da dattawa su tsai da shi nan da nan. Ƙauna ta gaskiya ba ta tsoron idon jama'a.

Na uku, abin yana cin lokaci. Mukan zaɓi shugaban matasa na shekara biyu ko uku, da ya sauka sai zumunta ta yanke. Muƙami ne yake ƙarewa, yaron kuwa yana nan. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In ɗalibinka ya tafi makaranta ko bautar ƙasa, ka neme shi, ka haɗa shi da ikilisiyar da ke can, ka halarci aurensa.

Saboda haka muna roƙon kowane malami da katikis da shugaban Zumuntar Matasa ya zauna ya tambayi kansa: wane yaro ne na raba aikina da shi, da sanin iyayensa da na ikilisiya? In babu, Lahadi mai zuwa ranar farawa ce. Ubangiji ya ba mu zuciyar makiyayi. Amin.