Masu Ƙera Wasan Waya A Jos: A Duba Lasin Kafin A Ɗora Gini

Ran 12 ga watan Satumba na shekarar 2023 wani kamfanin Amurka mai suna Unity ya ba da wata sanarwa wadda ta ta da hankalin masu ƙera wasannin kwamfuta da na wayar hannu ko'ina a duniya. Kamfanin ya ce daga ran 1 ga watan Janairu na 2024 zai riƙa karɓar kuɗi, har zuwa senti 20 na dalar Amurka, duk lokacin da wani ya saukar da wasan da aka ƙera da injinsa, muddin wasan ya kai wani matsayi na ciniki. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne, sabuwar ƙa'idar za ta hau har kan wasannin da aka gama tun tuni aka kai kasuwa bisa tsohuwar yarjejeniya.

Ko da yake an janye wannan haraji daga baya, al'amarin ya bar darasi ga matasan ƙasar nan masu sha'awar wannan sana'a, musamman a gari irin Jos. A nan ne Jami'ar Jos take yaye ɗalibai masu ilmin kwamfuta, a nan ne cibiyar nHub, wadda aka buɗe a 2015, take koya wa samari da 'yan mata rubuta manhaja, a nan kuma Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take da hedkwatarta da makarantarta ta koyon aikin fim. Duk wanda ya yi niyyar ƙera wasa a cikin waɗannan matasa, abin da zai fara yi shi ne zaɓen inji, kuma wannan zaɓe yana iya ɗaure shi shekara da shekaru.

MENE NE INJIN WASA?

Injin wasa ba na ƙarfe ba ne. Wata babbar manhaja ce wadda ta riga ta ƙunshi ayyukan da kowane wasa yake bukata, watau zana hoto a fuskar waya, da fitar da sauti, da lissafin yadda abu zai faɗo ko ya yi karo da wani, da karɓar umarnin yatsan mai wasa. Da a ce kowa sai ya rubuta waɗannan da kansa, da mutum ɗaya ko biyu ba su iya gama wasa ba. To, da yake akwai inji, sai mai ƙira ya mai da hankali ga labarinsa da zanensa da ƙa'idodin wasansa.

Injuna 3 ne suka fi fice ga ƙananan masu ƙira. Akwai Unity, wanda aka fara fitarwa a 2005, da shi aka yi Subway Surfers da Temple Run 2 waɗanda yara suke bugawa a wayoyin iyayensu. Akwai Unreal na kamfanin Epic Games, wanda aka yi PUBG da shi, masu fim ma suna amfani da shi. Sa'an nan akwai Godot, wanda wasu 'yan ƙasar Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙira, suka sake shi ga jama'a a 2014. Dukkansu ana saukar da su ba tare da biyan ko kwabo ba. Inda suka bambanta shi ne a lasin, watau takardar da ta faɗi abin da mutum yake da ikon yi da injin da abin da mai injin zai karɓa daga baya.

A FILIN KAMFANI

Dattawan Jos da Bukuru ba sa bukatar dogon bayani game da wannan. A zamanin haƙar kuza akwai mutanen da akan kira 'yan tiributa, waɗanda suke haƙa da ƙarfinsu da kayan aikinsu, amma a cikin filin da wani kamfani yake riƙe da lasinsa. Ba a hana su shiga, ba a kuwa karɓar kuɗin shiga, sai dai kuzar da suka wanke tilas su sayar wa mai filin, bisa farashin da ya yanka. Mai ƙera wasa da injin kamfani yana kusa da wannan matsayi. Wasan nasa ne, guminsa ne, amma ƙasar da ya tsaya a kai ta wani ce.

Bisa tsarin da Unity ya kafa tare da samfurinsa na 6, wanda ya fito a watan Oktoba na 2024, wanda kuɗin shigarsa ko jarin da ya samu bai kai dala 200,000 a cikin wata 12 ba yana aiki da injin kyauta. Wanda ya wuce haka sai ya yanki lasin na biya, wanda aka sa kuɗinsa dala 2,200 ga kowane ma'aikaci a shekara a farkon 2025. In aka lissafa dala a kan Naira 1,500, kuɗin ya kama Naira miliyan 3 da dubu 300, watau kusan albashin shekara 4 na ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024. Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafi masu aikin kwangila ta intanet: idan mutum yana yi wa wani kamfani aiki ne, to, da arzikin kamfanin ake auna lasin da ya wajaba a kansa, ko da shi kansa ba shi da komai.

Shi kuwa Unreal la'ada yake karɓa. Tun daga 2020, wasa ba ya biyan komai sai cinikinsa ya wuce dala miliyan 1, daga nan sai kamfanin ya ɗauki kashi 5 cikin 100 na abin da ya haura.

Mai karatu zai ce ai waɗannan kuɗaɗe sun yi wa ɗalibin da yake aiki a ɗakin haya a Unguwar Rogo nisa. Gaskiya ne, harajin 2023 ma bai shafi wasan da bai kawo dala 200,000 a shekara ba, bai kuma kai saukarwa 200,000 ba, har ila yau ga ƙasashe irin Nijeriya an rage shi zuwa senti 2. Amma abin dubawa shi ne yadda aka sāke magana bayan mutane sun riga sun yi nisa. A 2019, bayan wata rigima da wani kamfanin Ingila mai suna Improbable, Unity ya yi alkawarin cewa kowa yana iya ci gaba da aiki bisa sharuɗɗan samfurin da ya fara da shi. A watan Afrilu na 2023 aka cire wannan sashe daga yarjejeniyar, bayan wata 5 sai ga sanarwar haraji.

Hayaniyar da ta biyo baya ba ƙarama ba ce. Ran 22 ga Satumba kamfanin ya nemi gafara, ya ce harajin ba zai taɓa tsofaffin samfura ba. Ran 9 ga Oktoba shugabansa, John Riccitiello, ya bar aiki. Ran 12 ga Satumba na 2024 sabon shugaba, Matt Bromberg, ya soke harajin ɗungum. Duk da haka wasu ba su jira ba. Kamfanin Mega Crit, wanda ya shafe fiye da shekara 2 yana gina sabon wasansa a kan Unity, ya kwashe aikin ya koma Godot. Kamfanin Re-Logic, mai wasan Terraria, ya ba Godot gudummawar dala 100,000, da alkawarin dala 1,000 kowane wata.

INJIN DA BA SHI DA UBANGIDA

Godot yana ƙarƙashin wani lasin da ake kira MIT, wanda bai wuce 'yan layuka ba. Ya ba kowa ikon ya yi aiki da injin, ya gyara shi, ya sayar da abin da ya ƙera, ba la'ada ba haraji, sai dai ya sa sanarwar haƙƙin waɗanda suka rubuta injin a cikin wasansa. Abin da aka riga aka saki bisa wannan lasin ba a iya karɓe shi. Wata gidauniya da aka kafa a ƙasar Holan a 2022 ita ce take tattara gudummawa tana biyan masu kula da shi. Daɗin daɗawa, injin ba shi da nauyi, ana saukar da shi da data kaɗan, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, har akwai wanda yake aiki a wayar Android. Ga wanda yake fama da tsadar data da ɗaukewar wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kuɓuta daga sharrin lasin ba ta raba mutum da wahalar sauya samfuri. Da Godot 4 ya fito ran 1 ga watan Maris na 2023, an sāke sunayen sassa da yawa, an sāke harshen da ake rubuta umarni da shi, an kuma maye gurbin hanyar da ake haɗa kayan ƙari na waje da wata sabuwa. An ba da wata manhaja mai taimakawa wajen juya tsohon aiki, amma ba ta gama komai, sauran sai mutum ya bi da hannu. Bugu da ƙari, samfuri na 3 yana iya zana hoto ta wata tsohuwar hanya wadda wayoyi masu ƙaramin ƙarfi suke ganewa, na 4 kuwa ya bar ta. Wanda yake nufin wasansa ya shiga hannun masu tsohuwar waya a Mangu ko Shendam tilas ya auna wannan kafin ya ɗoki sabon abu. Saboda irin waɗannan mutane ne aka ci gaba da kula da tsohon layin, har aka fitar da samfuri na 3.6 a watan Satumba na 2024.

KAYAN ƘARI

Babu mai ƙira da yake yin komai da kansa. Yakan sayo ko ya sauko da kayan ƙari waɗanda wasu suka yi: siffofin mutane da gidaje, sautin mota, manhajar sa talla, manhajar karɓar kuɗi. Unity yana da kasuwar irin waɗannan kaya tun 2010. Kowane makanike ya san cewa kayan wata mota ba lalle ne su shiga wata ba, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su, in shekarar fitowarsu ta bambanta. Haka abin yake a nan. Unity yana da hanyoyi 3 na zana hoto, kuma idan aka sa kayan da aka yi domin ɗaya a cikin wata, sai a ga gidaje da mutane sun rine sun koma launin hoda mai haske, alamar injin bai gane su ba.

Kowane kayan ƙari kuma da nasa lasin. Wasu ana saye sau ɗaya ƙungiya duka ta yi aiki da su, wasu kuwa kowane ma'aikaci sai an saya masa nasa. Wasu an ɗaure su ga inji guda, kamar yawancin kayan da Epic ya yi da kansa, waɗanda ba a yarda a kai su wani inji ba. Wasu na kyauta suna da sharaɗin cewa wanda ya haɗa su da aikinsa ya raba, tilas ya buɗe rubutun umarninsa ga kowa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne yake kula da kayan a lokacin hutunsa, ran da ya gaji ya bari, duk wanda ya dogara da shi ya tsaya cik. Da ma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

ZAMA WURI ƊAYA BA YA YIWUWA

Wani zai ce to, sai mutum ya zauna a kan samfurin da ya sani, ya ƙi sauyawa. Wannan dabara ce mai kyau a tsakiyar aiki, amma ba ta ɗorewa. Kamfanin Google yakan ɗaga ma'aunin Android da yake bukata a kasuwarsa ta Play Store kowace shekara, a ƙarshen watan Agusta. Wasan da aka bari a baya ba a karɓar gyaransa, a kwana a tashi kuma sai ya daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Cika wannan ma'auni yakan bukaci sabon samfurin inji, shi kuma sabon samfuri yakan bukaci sababbin kayan ƙari. A watan Oktoba na 2025 ma Unity ya sanar da wata ɓaraka ta tsaro da ta shafi samfuransa tun daga na 2017, ya nemi masu wasanni su toshe ta ko su sāke gina wasanninsu. Wanda ya ɓatar da asalin aikinsa, ko kayan ƙarinsa suka mutu, ya sha wuya a wannan lokaci.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata matashi ya tsayar tun ran farko. Ya karanta lasin injin da na kowane kayan ƙari, ya adana kwafinsu tare da ranar da ya karɓa. Ya zaɓi samfurin da masu shi suka yi alkawarin kulawa da shi na dogon lokaci, a wajen Unity shekara 2 ne, kada ya bi wanda ya fito jiya. Ya rage yawan kayan ƙari, ya fifita waɗanda rubutun umarninsu yake buɗe, domin in mai su ya tafi ya iya gyarawa da kansa. Ya ajiye zanensa da sautinsa da labarinsa ta hanyar da kowane inji zai iya karantawa. In lokacin sauyi ya zo, ya gwada a kan kwafi tukuna, ya kuma jarraba a irin wayar da mutanen unguwarsu suke riƙewa.

Malaman da suke koyar da wannan sana'a a Jos su ma akwai nasu nauyi. Ɗalibin da aka koya wa inda maɓallan inji guda suke kaɗai, ya zama bawan wannan inji. Wanda aka koya wa tushen aikin, watau lissafi da tsara umarni da karanta yarjejeniya, yana iya ɗaukar kayansa ya koma wani wuri duk ran da mai fili ya sāke farashi. Abin da ya sami manyan kamfanonin waje a 2023 ya isa gargaɗi, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.