Fataucin teku: wata tara bisa jirgin da iska ke turawa

A cikin watan Disamba na shekarar 1938, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Ostaraliya mai suna Alan Villiers ya shiga wani jirgin katako na mutanen Kuwet a tashar Adan. Jirgin ba shi da inji. Babban ƙyalle ne ake ɗagawa bisa ginshiƙi, iska ta tura shi. Madugun jirgin, wanda Larabawa ke kira nahuda, shi ne Ali al-Najdi. Abin da baƙon ya gani ya rubuta shi cikin littafin da ya fito a 1940, kuma ta nan ne aka san yadda waɗannan fatake ke rayuwa.

Iska ce ke yanka musu lokacin tashi. Daga Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ta kai jirage gaɓar Afirka. Daga Afrilu sai ta juya, ta mai da su gida. Saboda haka fita guda ake yi a shekara, mai cin kimanin wata tara. Ana lodin dabino a Basra bayan an girbe shi, a bi gaɓa ana saye da sayarwa: Adan, Mukalla, Mogadishu, Lamu, Mombasa, har Zanzibar. Nahuda ba ya son nisa da ƙasa, domin ya san duwatsu da mashigai kamar yadda madugun ayari ya san rijiyoyin hanya.

Tun da asuba ake kiran salla, ma'aikata su yi sahu bisa katakon jirgi. Kalaci gurasa ce da shayi mai sukari. Da rana shinkafa ce da kifi, busasshe ko wanda aka kamo, a kewaye tire guda a ci da hannu. Ruwan sha yana cikin tankunan katako, ba a ɓarnarsa. Da ruwan teku ake wanka. Ma'aikaci ba shi da ɗaki ko gado: inda barci ya same shi, bisa akwati ko tarin igiya, nan ne makwancinsa. Makewayi kuwa ɗan akwati ne da ke rataye a gefen jirgi, bisa ruwa.

Aiki duka na ƙarfin damtse ne. Sandar da ke riƙe ƙyallen tana kusan tsawon jirgin kansa, kuma ɗaga ta sai an taru gaba ɗaya. Don haka ba a jan igiya ko anga sai da waƙa: mai waƙar jirgi ya bayar, saura su amsa, ana tafi ana buga ƙafa. In iska ta kwanta, sai a koma ɗinkin ƙyalle da tufkar igiya. In an sami tasha mai dacewa, a kai jirgi kan yashi, a shafe ƙasansa da farar ƙasa da kitse don tsutsar teku, samansa kuma da man kifi.

A tashoshin Hadaramaut jirgin ya kwashi matafiya fiye da 100 masu neman arziki a gabashin Afirka. Maza suka cika fili da tabarmi da tukwane, mata aka kulle su cikin ɗaki guda mai duhu da zafi. Cikin wannan cunkoso ake girki da salla, ake husuma da sulhu, har a kai Mombasa da Zanzibar.

Wahala mafi tsanani tana bakin kogin Rufiji, kudu da Zanzibar. Can ake lodin itacen da ke tsirowa cikin laka, wanda mutanen Kuwet ke rufin ɗaki da shi kamar azara. Makonni ake yi cikin taɓo da ruwan sama da sauro, zazzaɓi na kayar da mutane, amma ba dama a jinkirta: in iskar kudu ta yi ƙarfi, komawa gida ta zama kasada.

To mi ma'aikaci ke samu? Ba shi da albashi. In an koma gida a fitar da kuɗin abinci, mai jirgi ya ɗauki rabinsa, sauran a raba kashi-kashi. Sau da yawa an riga an ci wannan kason tun kafin tashi, domin bashi aka karɓa aka bar wa iyali, kuma bashin ne ke ɗaure mutum ga nahuda guda shekara da shekaru. Shi ya sa kowa ke da akwatinsa na ƴan kaya, yana ƙaramin ciniki a kowace tasha.

Jirgin ya isa Kuwet a tsakiyar 1939. Shekara guda kafin nan an riga an gano man fetur a Burgan, kuma a 1946 aka fara fitar da shi. Da aikin albashi ya samu a tudu, ma'aikata suka bar teku, ba a daɗe ba wannan fatauci ya mutu a Kuwet.