MAKARANTAR TSAKAR GIDA: YADDA UWA KE RIƘE KARATUN 'YA'YANTA A BAZARA

Ga mu dai a tsakiyar bazara, lokacin da randa ba ta wuni da ruwa, barcin ɗaki ya gagara, magidanta sun duƙufa wajen sharar gona da kai taki, kowa na ɗaga kai yana duban gabas ko hadari zai taso.

A wannan wata tambaya ɗaya muka zo miki da ita. Idan aka wayi gari aka ce an rufe makarantar 'ya'yanki, ba a kuma san ranar buɗewa ba, me za ki yi da su? Kada ki ce abin ya yi miki nisa. 'Yan'uwanki mata na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara sun riga sun sha wannan tambaya, kuma amsar da wasunsu suka bayar ta isa ki ji ta.

YADDA ƘOFAR MAKARANTA TA RUFU

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin Nijeriya, yara suka yi watanni a gida. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga daren 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara suka kwashe ɗalibai. Allah Ya taimaka aka sako 'yan mata 279 a ranar 2 ga Maris, amma gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana. A watan Agusta na shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka sace ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun. Daga nan aka rufe makarantun jihar baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya, sai a farkon 2022 aka soma buɗe wasu.

Ki lura, ko bayan an buɗe, ba kowace uwa ce zuciyarta ta kwanta da ta sake tura ɗiyarta hanya mai nisa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, yarinyar da ta zauna gida shekara guda ba ta buɗe littafi ba, abin da ta koya yana zubewa ne kamar ruwa a kwando. Daga nan sai talla, daga talla sai a ce tunda ba ta komai gara a aurar da ita. Wannan shi ne abin da ke kan gaba, ba wai maki ko matsayi a aji ba.

A Amurka akwai iyalai masu yawa da suka zaɓi koyar da 'ya'yansu a gida don ra'ayin kansu, kuma doka ta yarje musu a dukkan jihohin ƙasar 50. A Jamus kuwa doka ta tilasta kai yaro makaranta. Mu a nan galibi ba zaɓi ba ne, larura ce. Amma larura ba ta hana a yi abu da tsari.

WUNI GUDA A TSAKAR GIDAN

Zo mu leƙa irin wannan gida a Dakko, cikin ƙaramar hukumar Bakura. Uwar gidan ba malamar makaranta ba ce, a aji uku na ƙaramar sakandare aka yi mata aure. Tana da yara huɗu, ga na abokiyar zamanta biyu. Kayan aikinta ba su wuce tabarma ba, da alluna, da gawayi, da tsofaffin littattafan babbar ɗiyarta, da murfin tsohuwar ƙofar langa-langa da ta jingina a bango ya zama allon aji.

Abu na farko da bazara ta koya mata shi ne, rana ce ke tsara lokaci. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, don haka duk karatun da ba a yi shi kafin hantsi ya dubi ludayi ba, to ya tafi. Da an sallame sallar Asuba, tun ƙasa na da sauran sanyi, kowa zai ɗauki allonsa. Ƙanana suna kan babbaƙu da farfaru, manya suna biya surorinsu. Maigida ne ke saurarensu kafin ya saɓa fartanya, domin shi ya fi ta ƙarfi a Alƙur'ani. Ita kuma tana jin su daga madafi tana dama koko.

Bayan an karya, an ɗebo ruwa, an share gida, sai a shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro. Awa ɗaya da rabi ake yi, ba a wucewa. Ta raba su kashi biyu. Masu shekara biyar zuwa bakwai suna rubuta baƙaƙe da wasula a ƙasa da ɗan yatsa, in sun yi kuskure su shafe su sake, ba a kashe ko sisi a takarda ba. Babbar ɗiyar, mai shekara goma sha uku, ita ke duba su. Ki ga hikimar: mai koyarwa ba ya mantuwa, duk abin da ta maimaita wa ƙannenta ya zauna mata ke nan. Uwar kuma ta juya wajen na tsakiya, kowa ya karanta shafi guda da ƙarfi, sannan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa.

Lissafi kuwa ba a zaune ake yin sa ba. Uwar tana suyar ƙosai na sayarwa, to a nan ajin yake. Mudun wake nawa aka saya, mai na nawa, albasa da barkono na nawa, nawa aka sayar, nawa ya rage? Ƙananan suna ƙidaya da 'ya'yan tsamiya, goma-goma, kowace goma a tara ta gefe guda. Ranar Talata idan maigida ya dawo daga kasuwar Mafara, ba ya faɗin kuɗin cefane kai tsaye. Sai ya ce, "Na tafi da kaza, na sayo kaza da kaza, nawa ya kamata ya rage a aljihuna?" Wanda ya riga faɗi daidai shi ke da babban mangwaro.

Daga Azahar zuwa La'asar ba a karatu. Ana wanka, ana shan ruwa, ana kwanciya a zaure ko ƙarƙashin rumfa. Uwar ta gwada matsa musu a wannan lokaci sau ɗaya, ƙarshenta kuka da duka aka tashi da su, ita ma ta yi nadama. Da yamma ta yi sanyi yara kan bi mahaifinsu gona ko fadama. Nan ma karatu ne, in an tambaye su. Daga ina ruwan da ke bin hanyoyin noman rani yake zuwa? Daga madatsar Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato aka kammala a 1978. Me ya sa ake kai taki tun kafin ruwa ya sauka? Me ya sa gero ke jure fari fiye da masara? Yaron da ya amsa waɗannan ya soma kimiyya, ko da bai san sunanta ba.

Bayan Isha'i sai a kunna 'yar fitilar sola. Wani dare kaka ce ke da fili, ta yi tatsuniya da kacici-kacici. Wani daren kuma babbar ɗiyar ta karanta musu labari guda daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kakar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ke gyara mata inda ta karya karin magana. "Ke dai karanta a hankali, ba kora ake yi ba," in ji ta. A haka barci ke kwashe su ɗaya bayan ɗaya.

Kada ki ɗauka kullum haka abin ke tafiya sumul. Akwai ranar da ruwa ya yi wuya aka wuni a bakin rijiya. Akwai ranar suna a maƙwabta, akwai ranar da jita-jita ta hana kowa sukuni. A bazarar 2021 ma azumi ne ya faɗo daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, sai aka mayar da komai bayan Asuba. Dokar da uwar ta kafa wa kanta ɗaya ce: ko layi guda ne a karanta, kada a kwana biyu a jere ba a buɗe littafi ba.

GADO NE, BA BAƘON ABU BA

In wani ya ce miki mace ba ta iya zama makaranta, ki tuna masa tarihin ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, mata na halartar majalisinsa, kuma a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a gida ta yi karatu, a hannun iyaye da 'yan'uwa, har ta zama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ba ta tsaya a kanta ba. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwar mace a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta jagoranci matan ƙauyensu su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fitowa. Abin lura shi ne, Nana ta yi wannan aiki ne a zamanin yaƙe-yaƙe da ƙaura, ba lokacin kwanciyar hankali ba. Don haka idan ke kin iya Hausar boko, maƙwabciyarki ta iya lissafi, wata kuma ta sauke Ahalari da Ishmawi, ku haɗa yaran unguwa a zaure guda ku raba kwanaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KI KULA DA LAFIYARSU

Bazara lokacin ƙyanda ne da sanƙarau. Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 ba, wadda Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta. Kada ki tara yara a ɗaki mai ƙunci, ki zaunar da su inda iska ke ratsawa. Ki ajiye tulun ruwa kusa da tabarmar karatu. Yaron da ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sandarewar wuya, asibiti za a nufa da shi nan take, ba a jira gobe. Idan gudawa ce, ki haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin ku isa wurin ma'aikatan lafiya. Ki kuma duba katin rigakafin ƙananan.

INDA ƘARFINKI YA TSAYA

Gaskiya ɗaya ce, uwargida, tsakar gida ba ta bayar da takardar shaida. Jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ana yin ta ne a tsakanin Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya, kuma ta hannun makaranta ake yi wa ɗalibai rajista. Akwai wadda ake shirya wa masu zaman kansu, amma ita ma tana son wanda ya bi manhaja. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatu kyauta na shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare. Haƙƙin ɗanki ne, kada ki yafe shi.

Saboda haka kada ki bari sunan ɗanki ya fita daga rajista. Ki sa maigida ya riƙa leƙa shugaban makaranta, ya karɓo jerin darussan zangon, ya ji ranakun jarrabawa. Ki aro littattafan ajin da yaron yake, ki bi su babi-babi. Inda ya fi ƙarfinki, kamar Turanci ko lissafin manyan aji, kada ki ji kunya, ki nemi ɗalibin da ya gama sakandare a unguwa ya zo sau biyu a mako. Aikinki shi ne ki riƙe wutar kada ta mutu, har ranar da hanya za ta yi kyau yaron ya koma aji bai zama baƙo a cikinsa ba.

Kuma ki yi sauri. Da ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, gida zai watse, manya da yara duk suna gona wajen shuka, daga nan sai noman farko. Waɗannan 'yan makonni da suka rage su ne rabonki. Gobe da safe, bayan koko, ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki kira su, ki miƙa wa babbar littafi ki ce ta karanta miki shafi ɗaya. Abin da kika ji daga bakinta shi zai nuna miki daga inda za ki fara.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasa baki ɗaya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuri'a bisa ilimi mai amfani. Amin.